Ni Ne Hancinki

"Yallaɓai, a rage wutar nan mana! Hayaƙi fa nake gani."

"Tururi ne, Madam, ba hayaƙi ba. Ke dai yanka albasarki, ki bar wa masu kicin kicinsu."

Mai Labule ta tuntsire da dariya har wuƙar hannunta ta kusa suɓucewa. Sunan da 'yan unguwa suka sa mata ke nan, domin duk gidan da ka shiga a layinsu ka ga labule ya zauna daram a taga, to daga kan keken ɗinkinta ya fito. Mijinta kuwa tun yana yaro ake ce masa Dogo. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, kuma ga shi nan tsaye a gaban gas, ya naɗe hannun riga, ya ɗaura rigar kicin mai zanen furanni wadda ita ta ɗinka masa da ragowar yadin labule. Rigar ko gwiwarsa ba ta kai ba.

Ya ɗebo miya a ludayi, ya hura, ya ɗanɗana, ya lumshe ido kamar mai warware wani babban lissafi.

"Gishiri ya yi. Attaruhu kuwa sai an ƙara ɗaya. Je ki lambu ki tsinko mana, ranki ya daɗe."

Ta fita ta ƙofar baya tana murmushi. Gidan nasu ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, amma ita kan ce ko da gidan bene aka zo mata ba za ta yi musaya ba. Bangon falo su biyu suka yi masa fenti ruwan madara. Kujerun na hannu ne suka sayo, ta yaye musu tsohuwar riga ta ɗinka sabuwa, har baƙi kan tambayi kantin da aka samo su. A ɗan filin bayan kicin kuwa sun jera tsofaffin tayoyi da bokitan fenti, sun cika su da ƙasa: ga tumatir ya yi nauyi har an tokare shi da kara, ga attaruhu, ga alayyafo, ga latas. Kowace safiya kafin ya tafi makaranta sai Dogo ya ba su ruwa yana kiran su ɗalibansa.

Sai dai ba haka zaman ya faro ba. Lokacin da Mai Labule ta tare, babu wanda ya isa ya taɓa mata tukunya. Gwanar girki ce tun a gidansu, kuma ta san da haka. Ba su daɗe da aure ba ta kwanta wani zazzaɓi mai haɗe da mura mai zafi. Ta tashi lafiya, amma hancinta bai tashi tare da ita ba, harshenta ma ya dushe. Turare da ruwa suka zama ɗaya a wurinta, abinci kuwa sai ta ji kamar tana tauna auduga. Likita ya ce jijiyar ƙamshi ce ta taɓu, wani lokaci takan dawo, wani lokaci takan ƙi, sai dai haƙuri.

Ta ci gaba da girki a kan ƙiyasi. Yau gishiri ya yi zau, gobe lami, jibi shinkafa ta kama a bayanta tana falo ba ta sani ba. Dogo yana ci yana cewa, "Madalla, Madam," yana kora kowace loma da ruwa. Ranar da ta ɗago ta ga idanunsa sun kaɗa saboda yaji amma yana ta turawa, sai ta janye farantin ta kifa kai a kan tebur ta fashe da kuka.

Ya bari ta yi mai isarta, sannan ya ce, "Saurara ki ji. Ke kina da hannu, ni ina da hanci. Daga yau ni ne hancinki, ni ne harshenki. Ki koya mini, mu riƙa yi tare."

"Da sharaɗi ɗaya," ta ce tana share hawaye. "Kada kowa ya ji. Ko Inna, ko Yaya Babba, ko 'yan gidanmu. Ba zan iya jure a riƙa nuna ni ana cewa ga macen da ba ta san ɗanɗanon miyarta ba. Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Haka suka zauna, asirinsu a rufe, abincinsu da daɗi, har wannan yammacin.

Tana dawowa da attaruhu a tafin hannu ta ji an banko ƙofar falo. Yaya Babba ce, babbar yayar Dogo, wadda ta goye shi yana jariri, kuma har yau ba ta yarda cewa ya sauka daga bayanta ba. Ta yi sallama tana tafe, ba ta jira amsa ba ta leƙo kicin. Sai ta tsaya cak.

"Innalillahi! Me zan gani?"

Dogo ya juyo da ludayi a hannu. "A'a, Yaya, sannu da zuwa. Ki zauna mana, yanzu za a sauke."

"A sauke me? Kai Dogo! Kai ne da rigar mata kana juya miya, ita kuma uwar ɗakin taka tana shan iska a lambu?" Kafin wani ya yi motsi ta zaro waya daga jaka ta saita shi. "Tsaya yadda kake. Gani ya kori ji. Wallahi sai Inna ta ga wannan!"

"Yaya, don Allah ki tsaya ki ji..." Mai Labule ta fara.

"Ke rufe mini baki! Da ma na faɗa, wannan luf-luf ɗin naki ba banza ba. Kin mayar mana da ɗan'uwa mijin tace. To ko me kika ba shi ya ci, sai ya amayar da shi!"

Ta fice tana huci. Kafin miyar ta huce, bidiyon ya shiga guruf ɗin dangi. Wayar Dogo ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wani ƙaninsa ya rubuto, "Kuku, a ajiye mini faranti ɗaya." Wani ɗan baffansu ya ce a tambaye shi ko yana karɓar kwangilar wanke-wanke. Dogo ya karanta, ya yi ɗan murmushi, ya kife wayar.

"Zo mu ci abincinmu," ya ce.

Ita ko loma ɗaya ba ta iya haɗiyewa ba.

Washegari Inna, mahaifiyar Dogo, ta aiko kiransu. Suka tarar da falonta cike: Yaya Babba a gefenta, ƙannen Dogo a bakin ƙofa suna danne dariya. Suka durƙusa suka gaishe ta. Inna tsohuwa ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya ta zauna. Ta dubi surukarta.

"Amarya," haka take kiranta har yanzu, "ciwo ne a hannunki?"

"A'a, Inna."

"To aiki ne ya yi miki yawa?"

"A'a, Inna."

"To mene ne? Ni na san yarinyar da na karɓo. Na ci girkinki na yaba, na yi alfahari da ke a gaban ƙawayena. Yau kuma sai a nuna mini ɗana a waya, dangi na yi da shi?"

Mai Labule ta sunkuyar da kai. Maganar tana nan a bakinta, amma da ta saci kallon Yaya Babba ta ga yadda ta taɓe baki, sai ta haɗiye ta.

Inna ta juya ga ɗanta. "Kai fa? Ba ka da bakin magana?"

"Inna, ni na ga dama. Ina son girkin ne kawai. Ba ta sa ni ba."

"Kin ji ko, Inna?" Yaya Babba ta tafa hannu. "Ai wanda aka shanye bai taɓa cewa an shanye shi ba!"

Ƙannen suka kwashe da dariya. Mai Labule ta ga jijiyar wuyan mijinta ta miƙe, ta ga ya dunƙule hannu a kan gwiwa, ya sake shi a hankali.

Inna ta ɗaga hannu, falon ya yi tsit. "Ba na yanke hukunci da hoto. Ranar Asabar zan zo gidanku da 'yan'uwanku mu ci abincin rana. Amarya ce za ta dafa, ita kaɗai. Kai kuwa Dogo da sassafe nake son ganinka a nan, tare za mu tafi. In na ci na ji hannun da na sani, magana ta ƙare. In kuwa ba haka ba, to akwai abin da ake ɓoye mini, kuma ba zan zuba ido ba."

Da suka koma gida, a karon farko tun aurensu, suka yi sa-in-sa.

"Ki sake ni daga alkawarin nan," Dogo ya ce. "Magana ɗaya ce fa. Inna uwa ce, za ta fahimta."

"Inna za ta fahimta. Yaya Babba fa? Kafin la'asar duk dangi sun ji cewa ka auro musaka!"

"Subhanallahi! Wa ya ce miki musaka? Ciwo ne, Allah ya ɗora miki."

"Kai ba mace ba ne, ba za ka gane ba." Ta kau da kai. "Ni da ake aiko wa daga maƙwabta a ce in zo in ɗanɗana miya? In tsaya a gabansu in ce ban san bambancin gishiri da gari ba? Gara su ce mini malalaciya!"

"Ni kuma su ci gaba da ce mini mijin tace."

Ta ɗago da sauri. Bai faɗi maganar da zafi ba, amma ta soke ta. Ya ga haka, sai ya sauke ajiyar zuciya ya zauna kusa da ita.

"Yi haƙuri. Ban faɗa don in goranta miki ba. Alkawari na yi, kuma ina nan a kansa. Tashi mu ga yadda za mu yi da Asabar."

Sauran kwanakin suka zama makaranta. Malamin lissafi ya samo cokali ɗaya da kofi ɗaya ya ce su ne ma'auni, suka dafa shinkafa da miyar kifi suka sake dafawa, tana aunawa yana ɗanɗanawa, har hannunta ya riƙe adadin komai. Ranar Juma'a da yamma ya sayo manyan kifaye masu kyau, suka wanke suka sa a firji. Ta kwanta da ƙarfin gwiwa.

Abin da ba su lura da shi ba, wuta ta ɗauke suna barci, ba ta dawo ba sai gab da asuba, ga kuma zafin da ake yi. Dogo ya fita da sassafe kamar yadda Inna ta ce, bai buɗe firjin ba. Da Mai Labule ta ciro kifin ta ji shi da ɗan sanyi, ta duba ta ga bai canza kama ba, sai ta hau aiki.

Ranar ta nuna gwaninta. Ta canza labulen falo zuwa wani ruwan zuma da ta ɓoye don baƙi, ta shimfiɗa sabon mayafin tebur, ta tsinko latas da tumatir daga lambu ta yanka su siri-siri ta jera a tire kamar fure. Miyar ta yi ja, mai ya taso a kanta yana ƙyalli. Ta kalli teburin ta ce a ranta, yau Yaya Babba za ta haɗiye maganarta.

Da azahar suka iso. Tun daga bakin ƙofa ta ga Dogo ya ɗan tsaya, ya shaƙi iska, fuskarsa ta sauya. Ya nemi ya wuce kicin, Yaya Babba ta riƙe masa riga.

"Ina zuwa? Zauna nan, Kuku. Yau hutu kake."

Aka zazzauna. Inna ta dubi labule, ta dubi tebur, ta gyaɗa kai. Mai Labule ta durƙusa ta buɗe kwanon miya da hannu biyu, tana murmushi.

Ƙaramin ƙanin Dogo ya toshe hanci da hula. Yaya Babba ta zabura ta miƙe.

"Ruɓaɓɓen kifi! Inna, kada ki taɓa! Ruɓaɓɓen kifi ta dafa miki!"

Mai Labule ta kalli miyar, ta kalli fuskokinsu. Ita ba ta ji komai ba. Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Wannan ba kuskure ba ne," Yaya Babba ta ci gaba, tana nuna ta da yatsa. "Wari ya cika gida har bakin titi, a ce mace tana tsaye a kansa ba ta ji ba? Da gangan ne! Don an ce ta yi girki shi ne za ta kwantar mana da uwa a asibiti!"

Inna ta mayar da murfin kwanon a hankali.

"Amarya, ko maƙiyinka ba ka ba shi wannan. Me na yi miki?" Ta juya ga ɗanta. "Dogo, ka mayar da ita gidan iyayenta yau ɗin nan. Ta zauna can har sai na neme ta."

Dogo ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, duk tsawonsa ya naɗe.

"Inna, ban taɓa musa miki ba tun da kika haife ni. Ni na sayo kifin nan, laifin nawa ne. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Amma na roƙe ki, kada ki ce ta fita. Wallahi ba ta nufe ki da sharri ba."

"To ka faɗa mini dalili."

Ya duƙar da kansa ƙasa.

"Dogo, ina tambayarka!"

"Ba zan iya ba, Inna. Ki gafarce ni."

Inna ta miƙe tsaye, idanunta sun cika. "Yau ni kake ɓoye wa magana saboda mace? To shi ke nan. Ka zauna da ita. Amma ka sani, ƙafata da gidan nan..."

"Inna!"

Mai Labule ce. Ba ta san lokacin da ta rarrafa ta riƙe ƙafafun tsohuwar ba. Ta ga mutumin da ya sha gishirinta bai yi ƙorafi ba, ya sha dariyar ƙannensa bai tanka ba, yanzu kuma yana shirin rasa albarkar uwarsa, duk don kada a ce da ita wani abu. Girman kan da ta riƙe ya zame mata abin kunya.

"Inna, kada ki ƙarasa. Ba na jin wari. Ba na jin ƙamshi, ba na jin ɗanɗano. Tun zazzaɓin nan da na yi kika zo duba ni, hancina bai dawo ba. Ko yanzu da nake gaban kwanon nan wallahi ban ji komai ba. Shi ya sa yake shiga kicin. Ni na sa shi ya yi mini alkawarin ba zai faɗa ba, don ina jin kunya. Shi ba shi da laifi, Inna. Ni ce."

Kuka ya ci ƙarfinta. Yaya Babba ta koma ta zauna a hannun kujera.

Daga nan Inna ta zare ƙafarta a hankali, ta gyara mayafi, ta ce da ƙaramin ɗanta, "Kai ni gida."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Mai Labule tsawo. Ba kira, ba aike. Guruf ɗin dangi ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta zauna a kan keke ta kasa ɗinka ko layi ɗaya madaidaici. Dogo yana ta ba ta baki, amma ta ga shi ma ya rame.

Wata safiya bayan ya tafi makaranta aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe ta ga Inna ita kaɗai, da jakar cefane a hannu. Ta durƙusa za ta gaishe ta, tsohuwar ta wuce ta kai tsaye kicin.

"Tashi ki zo nan. Fushi nake da ke, kuma sai na faɗa miki dalili."

Mai Labule ta tashi ta bi ta.

"Ba don kifi ba ne. Kifi ko a hannun wa yana lalacewa. Abin da ya ƙona mini rai, kina cikin wannan hali tsawon lokacin nan, kika ɗauke ni bare. Kin zaci dariya zan yi miki? Ni ban haifi 'ya'ya mata ba? In da 'yar cikina ce wannan ya sama, ya zan so a yi mata?"

"Ki yafe mini, Inna."

"Na yafe. Amma ki riƙe wannan: ciwon da aka ɓoye shi ke cin mai shi, har ya haɗa da na kusa da shi. Kin ga yadda kika kusa raba ni da ɗana." Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta gyara murya. "To, ɗora tukunya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tun da hanci ya tafi hutu, ido da kunne za su yi aikinsa."

Ranar Mai Labule ta ga abin mamaki. Inna ta koya mata sauraron mai: yadda ƙararsa ke sauyawa in ya yi zafi, da yadda shinkafa ke fara ƙyas-ƙyas a gindin tukunya in ruwanta ya tsane. Ta nuna mata launin albasa kafin ta ƙone. Ta sa ta danna tsokar kifi da yatsa ta ga ko za ta taso, ta buɗe kumatunsa ta duba ja ne ko ya dushe, ta kalli idonsa ko ya yi hazo.

Suna cikin haka Dogo ya dawo. Ya tsaya a ƙofar kicin da jakarsa, ya kasa shiga ya kasa komawa.

"Me kake kallo?" Inna ta ce. "Ina rigar taka mai furanni? Sa ta ka zo ka ɗanɗana mana gishiri."

Bayan 'yan makonni Inna ta sake tara dangi a gidan, ta ce wancan cin abincin bai ciwu ba, sai an rama. Wannan karon falon bai ɗauke su ba, har lambu aka shimfiɗa tabarma tsakanin tayoyin tumatir. Aka ci aka suɗe kwano. Wani baffansu ya kalli Dogo yana dariya ya ce, "To, wa za mu yi wa godiya, uwargida ko Kuku?"

Inna ta ajiye cokalinta.

"Ku yi wa su biyun. Kuma bari in faɗa muku, ku da kuke ta dariya a waya. A cikinku wa zai sha zagi da gori, a kira shi mijin tace a gaban ƙannensa, yana da amsa a bakinsa amma ya haɗiye don ya rufa wa iyalinsa asiri? Ni dai na san na haifi namiji. Wanda ya isa ya yi abin da ya yi, ya sake kiransa Kuku in ji."

Baffan ya sosa ƙeya. Mai Labule tana bakin ƙofar kicin da tire a hannu, ta kalli mijinta ya sunkuyar da kai don kunya, sai ta ji kamar ƙirjinta ba zai ɗauki alfaharin da ke cikinsa ba.

Da aka watse, ta tarar da Yaya Babba a kicin ta naɗe hannun riga tana wanke kwanuka, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan.

"Yaya, bari mana, zan yi."

"Ke ƙyale ni." Ta ci gaba da cuɗa tukunya ba ta ɗago ba. "Na goge bidiyon nan. Kuma... bakina ya yi kaifi a kanki. Ni na goyi yaron nan, shi ya sa ba na iya ganin abu a kansa in yi shiru. Ki yi haƙuri, ƙanwata."

"Ya wuce, Yaya."

"To in ya wuce, tagogin falona ma suna neman labule irin wannan ruwan zumar. Kuma ba kyauta nake so ba, kada ki ce na zo cin arziki."

Suka yi dariya tare.

Rayuwa ta ci gaba. Mai Labule ta koma gaban tukunya da ido da kunne, Dogo yana gefenta da ludayi. Ta daina ɓoye lalurarta. In maƙwabciya ta tambaya takan faɗa kanta a ɗage. Ta ma daina jiran hancin, ta bar wa Allah.

Wata ranar hutu tana falo a kan keke tana ɗinka labulen Yaya Babba, Dogo yana kicin yana soya albasa, waya a kunne yana gardamar ƙwallo da abokinsa. Sai ta ji wani abu ya daki hancinta, ɗaci-ɗaci, mai kama maƙogwaro. Ta yamutsa fuska.

"Yallaɓai! Albasarka tana ƙonewa!"

"Ina zuwa, Mad..." Muryarsa ta yanke. Ya leƙo falo da wayar a hannu. Daga inda take zaune ba a hango kicin, hayaƙi kuma bai fito ba tukuna. "Wa ya faɗa miki?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta ɗora hannu a kan hancinta. Ta sake shaƙa, a hankali, kamar mai tsoron kada abin ya gudu.

"Na ji," ta ce da wata siririyar murya. "Ƙauri ne. Wallahi na ji shi!"

Dogo ya saki wayar a kan kujera ya yi kabbara da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Ita tana kuka tana dariya tana cewa ya je ya kashe gas, shi kuwa yana cewa, "A bar ta ta ƙone! Shaƙi abinki, Madam, shaƙi da kyau!" Albasar ta zama gawayi, kaskon ma da ƙyar ya wanku, amma ba a taɓa yin ƙaurin da aka yi wa murna irin wannan ba.

Ƙamshi ya riƙa dawo mata kaɗan-kaɗan, ɗanɗano ya biyo baya. Da ta ce masa to yanzu sai ya ajiye ludayi ya huta, Dogo ya ce ina, wanda ya koyi sana'a da wahala ba a yi masa ritaya da rana tsaka. Har yau in ka bi ta layinsu da yamma za ka jiyo su biyu a kicin suna gardamar gishiri.

Aure ba gasar nuna gwaninta ba ne, rufin asiri ne da taimakon juna, kuma namijin da ya tallafi matarsa a cikin gida bai ragu da komai ba. Sai dai kunyar da za ta hana ka faɗa wa naka ciwonka girman kai ne ya sake riga, kuma wanda ke ƙaunarka shi ke ɗaukar nauyinta. Dangi kuma su riƙa tambaya kafin su yanke hukunci, domin ba duk abin da ido ya gani a gidan wani ne ya san dalilinsa ba. Wanda ya yi haƙuri ya riƙe alkawari, ko an yi masa dariya da safe, da yamma shi za a nuna a ce ga ɗan halak.